Mawasar Gidanmu

Lahadi, 7 ga Oktoba
Ustaz Abdulwahab, malaminmu na jugrafiya, ya ce ranar Asabar ajinmu zai fita rihla zuwa duwatsun da ke bayan ƙauyenmu. Tafiya ce mai sauƙi, in ji shi, awa biyu a ƙasa, kafin azahar kowa ya koma birnin Damazin. Ya tambaya ko akwai wadda ta san wurin. Na sunkuyar da kai, amma Hanaa da muke zama benci ɗaya ta ɗaga hannuna da ƙarfi. "Zahra'u ce, ya Ustaz, a gindin dutsen take kwana!" Aka yi dariya. Ni zan shige gaba.

Shekara biyu ina ajinsa, yau ya fara kiran sunana ba tare da ya duba takarda ba.

Alhamis, 11 ga Oktoba
Na karanta babin dutsen rairayi sau uku. Rairayi ne da ruwa ya tara, ya danne, ya daskare. Na gaya wa Inna, ta ce, "Su shiga mota tun daga birni don kallon dutse? Ba su da aiki ne?"

Baba ya kai lauzunansa can yau da safe ya wasa. Riɗi ya kusa isa yanka.

Asabar, 13 ga Oktoba
Ban san ta inda zan fara ba.

Mu talatin da ɗaya ne. Na bi da su ta hanyar awaki, tsakanin manyan duwatsun nan biyu masu jan ciki, muka wuce wanda iska ta cinye gindinsa ya tsaya kamar tukunya a kan murhu. Sai ɗaukar hoto suke. Ramla ta zo da takalmi mai tsini, tana ta kuka da ƙaya. Ustaz ya murje dutsen da yatsa, rairayi ya zubo, ya tambayi dalili, na ba da amsa daidai. Ya ce, "Mumtaza," wato madalla. Na ji kamar in tashi sama.

Sai muka iso falalen da ke kusa da kwarmin ruwa, inda mutanenmu ke wasa lauje da gatari. Kowane gida da gurbinsa, dogaye, sumul, wasu hannu na shiga har wuyansa. Ustaz ya durƙusa. Ya ce wannan aikin mutanen farko ne, masu makaman dutse, shekara dubbai. Ya ce babu wanda ya taɓa rubuta labarin wurin.

Gurbin da ya sa hannunsa ciki namu ne. Kakan Baba ya fara shi. Shekaranjiya Baba ya zauna a kansa.

Na ce, "Ustaz, mu ne..." Ban san ko ya fito ba. Ya juyo ya ce, "Mutanenku yaushe suka zo nan? Shekara ɗari? Dubi zurfinsa, ya binti." Ido talatin a kaina. Na dubi zurfinsa.

Dutsen ba shi da tauri, shekara ɗari ta isa lauje ya ci shi haka. Shi da kansa ya nuna mana haka, ba a yi rabin awa ba.

Litinin, 15 ga Oktoba
Ustaz ya ce ni zan rubuta rahoton rihlar. Ni, ba Ramla da kullum ake ba ba.

Laraba, 17 ga Oktoba
Shafi huɗu. A shafi na uku na rubuta cewa mutanen ƙauye suna wasa lauzunansu a wurin har yau, kuma kowane gurbi an san gidan da ya haƙa shi. Na karanta daga farko, sai na ga layin ya ɓata duk abin da ke samansa. Na sake kwafe shafin babu shi.

Ba wanda ya sa ni. Ina so in rubuta wannan a nan don kada wata rana in ce an sa ni.

Lahadi, 21 ga Oktoba
An karanta rahotona a layin safe gaban makaranta duka. Shugaba ta riƙe hannuna. Za a aika shi gasar makarantun jiha, Ustaz kuma ya haɗa kwafi da wasiƙarsa zuwa mahalliya, ƙaramar hukumarmu, wai ta kare wurin. Hanaa ta saya mini awara da yajin shaɗɗa, ta ce yanzu sai a riƙa neman izini kafin a zauna kusa da ni.

Na ji daɗi. Ƙarya ne in ce ban ji ba.

Talata, 30 ga Oktoba
Mutanen mahalliya sun zo da waya mai ƙaya sun kewaye falalen. An kafa allo. An ɗauki gafir mai gadi, kuma ba kowa ba ne sai Baba Mato maƙwabcinmu, wanda gurbin gidansu ke jikin namu. Baba ya je da lauzuna shida ya dawo da su yadda ya tafi da su.

A tsakar gida yake ba Inna labari yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Wai Baba Mato ya ce, "Usmanu, ka yi mani rai, in sunka ga sabon washi ni za su kora." Wai ma'aikacin da ya zo ya ga inda ƙarfe ya goga kwanan nan, ya ce jahilai suna lalata kayan tarihi.

"Mu ne jahilan," in ji Baba, "mu ne kuma tarihin."

Ban ci tuwo ba. Na ce kaina ke ciwo.

Juma'a, 2 ga Nuwamba
Baba yana wasa lauje a kan simintin bakin ƙofa. Ba ya ci. Duwatsun da ke wajen wayar duk masu ɓarɓashi ne, suna cinye bakin ƙarfe, shi ya sa tun farko kakanni suka zaɓi wancan falalen. Na je gona taya su ɗauri. Lauje in ya dakushe sai an fizga, in an fizga kuma riɗin da ya bushe ya tsage ya zube. Na ga ƙasa ta yi fari a bayan Baba. Bai waiwaya ba. Ni na yi ta waiwaya.

Lahadi, 4 ga Nuwamba
Baba ya sani. Baba Mato ya ga sunana a takardar da aka kai mahalliya.

Da la'asar Baba ya kira ni gindin dalbejiya. Na ɗauka faɗa zai yi, da ma ya yi. Ya ce, "Ɗiyata, ke kinka rubuta?" Na ce eh. "Da Larabci, shafi huɗu?" Na ce eh. Ya girgiza kai, sai na ga alfahari ne a fuskarsa, abin da ya fi duka zafi. Ya ce, "To mi kinka ce game da mu?"

Na ce ban ce komai ba.

Sai ya ce in kawo masa buta.

Talata, 6 ga Nuwamba
Na tsaya bayan darasi na gaya wa Ustaz komai. Na lissafa masa gidajen, gurbi gurbi, har na Gambo mai gatari da ya rasu bara. Ban yi kuka ba sai a ƙarshe.

Bai yi fushi ba. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce mai yiwuwa mutanenmu sun tarar da guraben ne suka ci gaba da amfani da su, wa zai iya rantsewa? Na ce Baba zai iya. Ya ce rantsuwar manomi ba hujjar ilimi ba ce. Daga baya ya sassauta murya ya ce in ina so, in rubuta wata takarda in sa hannu, shi zai kai mahalliya da kansa, mai yiwuwa su cire wayar. Amma sai an janye rahotona daga gasar, don ba a shiga gasa da abin da mai shi ta ƙaryata. Ya ce rahoton ya kai zagaye na ƙarshe. Ban san haka ba sai yau.

"Ki yi tunani zuwa Lahadi."

Me ya sa bai ƙi kawai ba? Da na samu wanda zan tsana.

Alhamis, 8 ga Nuwamba
Na rubuta takardar. Layi tara. Tana cikin littafin lissafi.

An gama yankan riɗi. Inna ta ce kaza ma ta ƙoshi a gonarmu bana. Saura dawa.

Lahadi, 11 ga Nuwamba
Ofishin Ustaz a buɗe yake duk yini. Na wuce sau biyu.

Asabar, 17 ga Nuwamba
Baƙi daga Damazin, malamai da matansu da wasu ma'aikata, mota biyu. Ustaz ya ce ba wanda ya san hanyar kamar ni. Baba Mato ya buɗe mana wayar yana gyara hula.

Na yi bayanin rairayi da ruwa da iska. Na nuna musu inda za su taka. Da muka iso falalen na hango Baba a wajen waya, zaune kan dutse da tsohuwar jallabiyarsa. Ba lauje a hannunsa. Saurare ya zo yi.

Wata mata mai tabarau ta ce, "Mutanen ƙauyen nan fa, sun san waɗanda suka yi wannan?"

Na ce, "A'a. Ba su sani ba."

Da sauri maganar ta fito, a fili, har na baya sun ji. Aka tafa mini a ƙarshe. Da na sake dubawa Baba ya tashi, yana gangarawa ta hanyar awaki, hannuwansa a baya.

A gida ya ce, "Sannu da aiki, Ustaza." Ina jin wasa yake.

Hanaa ta ce Asabar mai zuwa akwai wasu baƙin daga birnin Madani. Ban ce zan je ba. Na dai wanke farin mayafina na shanya, ƙura ce ta ɓata shi.