Tambayoyin Shef na Bara

Talata, bayan isha'i.

Yau a taron sashe na ce mu kai ɗaliban noma gonakin Dakusa, kowa ya duba hatsi ya faɗi abin da ke cinsa, mu ba shi maki. Shef ɗinmu, wato shugaban sashen, ya taɓe baki ya ce, "Malama, nan jami'a ce, ba ƙauye ba." Sai ya zaro tambayoyinsa na bara, waɗanda ɗalibai suka haddace amsoshinsu tun tuni. Sauran malamai suna ta gyaɗa kai, abin kunya! Jiya-jiya ɗalibin da ya fi kowa maki a wurinsa ya kasa gane tsutsar zangarniya a tafin hannuna.

Ya hana mu motar sashe. Ranar Asabar zan kai ajina, ko a amalanke ne.