Rijiyar Inna ta shiga jingina

Daren Talata, 12 ga Safar, unguwar Jarwal, Makka

Yaya Sani ya kira daga gida bayan lisha. Wai gwamnatin jiharmu ta sayar wa attajirai takardun bashi, ta jinginar da harajin famfunan gari don biyansu da riba. Har da rijiyar burtsatsen da na haƙa wa marigayiya Inna da gumina na yi wa alhazai girki a Arfa. Ni na miƙa wa hukuma ita don su riƙa gyarawa.

Na ce, "Yaya, ai wakafi ce." Ya ce, "Hajiya, takardarsu ba ta san wakafi ba."

Idan aka kori mai bokiti don ba ta da ko sisi, ladan Inna fa? Gobe zan tambayi malami a Harami. Wallahi amsarsa nake tsoro.