Ƙwallon Zikrullahi Ya Tsare Ni a Amurka

Assalamu alaikum, Zuliha 'yata,

Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da mutanen Fadikpe. Yaya shirin bikin autarki Khairat? Ni lafiya lau, sai sanyi da ke cin gwiwa, kada ki damu.

Damuwata ɗaya, wannan mijin nawa, jikana Zikrullahi. Ƙwallon da yake yi wa jami'arsu da hannu ake ɗauka a ruga, ƙarti suna tunkuyar juna kamar raguna. A nan Amurka sun ci wasa biyar. Wai in suka ci na shida ranar Asabar, za a gayyace su babban wasan ƙarshen shekara, kuma yayanki ya rantse ba zai maido ni Minna ba sai na kalla. Babban wasan kuwa ya faɗo ranar ɗaurin auren!

Ɗazu ya durƙusa gabana, wai "Kaka, sa mini albarka." Na ce, "Ja'iri, so kake ka hana ni rawar biki?" Amma kaka ba ta hana albarka, na sa masa.

To, aiki ya dawo kanki. Ki tara matan unguwa ku roƙi Allah ya fito da shi ko ƙwarzane babu, amma a lallasa su.

Mahaifiyarki,
Hajiya Sharifa