Kujerar Baya

Weslaco, Texas
14 ga Nuwamba, 1993

Zuwa ga Yayata Herminia,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar nan da ke damunki in sanyi ya shigo? Ya maigidanki Anselmo da yara? Ina fata ƙanƙarar Michigan ba ta toshe muku ƙofa ba tukuna. Ni lafiya lau, sai gajiya. Ki nemo tabaraunki ki zauna, don yau da surutu na zo.

Motocin leburorin gona sun dawo. An gama tsinkar tuffa a wajenku, ga su nan sun gangaro kudu da katifu ɗaure a sama, kamar yadda muke yi da Papá. Ranar Litinin aka turo mini yara bakwai a aji uku, wata uku bayan buɗe makaranta. Kujerun gaba duk da masu su tun watan Agusta, sai na jera su a baya jikin bango, inda kullum ake jera 'ya'yan leburorin gona. Mu ma can aka jera mu.

Akwai wata a cikinsu, Araceli Barrientos, shekararta goma, ta fi kowa tsawo, kuma ta riga ta maimaita aji sau ɗaya. Yarinyar nan ta ɗaure mini kai. In na karanta labari da baki, gobe za ta maido mini da shi tsaf, har da wurin da na yi tari. Amma in na rubuta layi biyu a allo na ce a kwafa, sai ta koma leƙen littafin ta kusa da ita. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Makarantu huɗu ta zaga, duk abu ɗaya suka rubuta a takardunta: ba ta mai da hankali.

Babanta, Don Eusebio, ya zo da hularsa a hannu ya ce, "Malama, bana ce ta ƙarshe. In ta haye aji huɗu, to ta ci gaba. In ba ta haye ba, uwarta na neman mai riƙe mata ƙanne, gona ma na neman hannu." Ba da mugunta ya faɗa ba. Muryar Papá na ji sak, ranar da ya ce ke ba ki da kan boko, a bar ni wajen Goggo Chela in yi karatu, ke ki bi mota.

Jarrabawar karatu sai ƙarshen Afrilu. Ban ga alamar za ta ci ba, amma zan gwada.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanwarki,
Ofelia

Weslaco
20 ga Maris, 1994

Yaya Herminia,

Bayan gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na ga saƙonki na layi uku, kamar kullum, sai ka ce sayar miki da kalmomin ake yi. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi.

Kunya ta ishe ni, Yaya. Wata Laraba a farkon watan nan na cire tabarauna na ajiye a tebur ina murza ido, yara na fita tara. Araceli ta tsaya share allo. Don wasa ta ɗauki tabaraun ta ɗora a hanci, tana kwaikwayon yadda nake harara. Sai na ga dariyar ta tsaya. Ta ƙura wa bango ido ta ce, "Malama, ashe akwai lambobi a jikin agogon nan?"

Wata huɗu tana zaune a ajina ba ta ganin allo, ni kuwa ina ce mata malalaciya. Da hannuna na kai ta kujerar ƙarshe.

Na kwasa sai ofishin nas, na ce a fito mini da katinta. Gurbin gwajin ido fari fat, shekara huɗu ba a taɓa sa masa biro ba. Nas ta ce ai mu a watan Satumba ake gwada idon yara. A Satumba Araceli tana wajenku tana tsinkar tuffa. Na buga waya makarantar da take zuwa a can, suka ce su sai Fabrairu suke yi. A Fabrairu tana nan tana cirar albasa. Kowa ya yi aikinsa daidai a kan lokaci, babu wanda za ka kama da laifi. Da ma akwai shi, da na san wanda zan zazzage wa abin da ke cikina.

Sai da na yi sawu biyu gidansu kafin Don Eusebio ya yarda a kai ta wajen likita. Cewa ya yi, "Haba Malama, yarinyar da ke cika buhu ashirin na albasa ranar Asabar, ta ina idonta ya lalace?" Na ce masa albasar ai a hannunta take, allo kuwa yana can nesa. Matarsa Doña Reina ta cika mini faranti da wake da tortilla, gurasar nan ta masara, washegari kuma ita ta kawo yarinyar da kanta.

Likita ya auna. Wata ƙungiyar agaji za ta yi mata tabarau kyauta, amma sun ce sai an jira mako biyar ko shida. Kafin nan na dawo da ita kujerar gaba, hancinta ya kusa taɓa allo. Cikin kwana goma ta karanta shafi guda ita kaɗai. Ban so in sa rai, amma na sa.

Taki,
Ofelia

Weslaco
3 ga Mayu, 1994

Yayata,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai kyau, ina fata kowa lafiya. Ki buɗe ƙunshin nan a hankali, tabarau ne a ciki.

Sun tafi. Ɗan kwangilar da ke kwasar su ya aiko cewa bana za a fara dashe da wuri, kuma kin san barikin leburori, wanda ya makara a mota zai kwana da iyalinsa har kaka. Ranar goma sha shida ga Afrilu suka ɗaura katifu. Na je na roƙi Don Eusebio ya bar mini ita kwana goma kacal, ta zauna a gidana, ta yi jarrabawa in sa ta a bas. Ya ce, "Malama, na gode, amma mu ba ma barin namu a baya." Na buɗe baki zan ce ni ai an bar ni, kuma ga ni. Sai na tuna ke aka ɗauka a maimakona, na fasa.

Araceli ta leƙo ta bayan mota ta ce, "Malama, ki ajiye mini kujerata." Kwana takwas bayan nan tabarau ya iso. Jarrabawa kuma an yi ta ba ita.

Saura hanya ɗaya. Na matsa wa hedimasta lamba har ya yarda cewa in ta halarci ajin bazara da ake yi wa 'ya'yan leburori a can, ta kawo shaidar tana karatu, zai sa ta aji huɗu. Ba tabarau kuwa kin san inda za su zaunar da ita da abin da za su rubuta.

Don Allah, Yaya, ki sa Anselmo ya kai ki ranar Lahadi bayan coci. Barikin nan ne na bayan gonar kokwamba, mai jan tankin ruwa, inda muka taɓa yin kaka biyu. Ki damƙa mata a hannunta. Ban taɓa roƙonki komai ba tun da kika riga kika ba ni abin da ya fi wannan.

Ƙanwarki mai takura miki,
Ofelia

Weslaco
13 ga Nuwamba, 1994

Yaya Herminia,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ina fata kina lafiya, da Anselmo da yara. Wata biyar ban amsa miki ba, ba don fushi ba ne. Na san kin je har sau uku. Ba laifinki ba ne da sanyi ya ƙone dashen, ɗan kwangila ya kwashe su ya yi gaba bai bar adireshi ba.

Ƙunshin ya dawo lafiya. Na sa shi a durowar teburina na ce ai Nuwamba na zuwa. To ga Nuwamba. Motoci sun dawo, ban da tasu. Maƙwabciyarsu ta ce sun zarce Florida tsinkar lemo, ta kuma ce ta ga Araceli a Ohio a watan Agusta, goye da ƙanwarta, tana jan bokitin tumatir. Na tambaya ko tana zuwa makaranta. Matar ta dube ni kamar na tambaye ta ko yarinyar ta sayi jirgin sama.

Bana yara tara aka turo mini. Na jera su a gaba. Kwana biyu iyayen 'yan gari suka cika ofis da ƙorafi, hedimasta ya ce in mayar da kowa inda yake. Na ce to a gwada musu ido, nas ta ce na'urar tana wata gunduma, sai Satumba. Yanzu da kaina nake tsayar da su ɗaya bayan ɗaya a bayan aji in ce su faɗa mini lambobin agogo. Biyu sun kasa. Na rubuta sunayensu na aika, an ce in jira. Afrilu kuwa ba ta jiran kowa, kuma ban ƙara yaudarar kaina cewa zan riga ta.

Amma ba wannan ya hana ni rubutu ba. 'Yar takardar da kika saka cikin ƙunshin ce. Layi ɗaya kika rubuta: "Ni ma ban taɓa ganin allon ba."

Na zauna na yi lissafi. Kina da shekara ashirin da bakwai kika fara sa tabarau, ranar da kika je neman lasin tuƙi suka ce ki karanta haruffa kika kasa. Dariya muka yi miki har da ni, na ce tsufa ya zo da wuri. Shekara talatin ina yawo da cewa ni ce mai ƙwaƙwalwar gidanmu. Ashe gajarta ce ta cece ni, malama ta ga ba zan hango komai daga baya ba ta matso da ni gaba. Ke kuwa doguwa ce.

Ba zan tambaye ki me ya sa ba ki faɗa ba. Araceli ta riga ta ba ni amsa, ba ki san sauran suna gani ba.

Ban san yadda ake neman gafarar irin wannan ba, Yaya, amma ina nema. Tabaraun yana nan a durowa. Likita ya ce idon yara na canzawa, nan da shekara ko ta dawo ba zai yi mata daidai ba.

Ki gaishe da Anselmo. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Ofelia