Ban Taɓa Yabon 'Yata Ba, Ga Shi An Ba Ni Minti Biyar

Anti mai shawara, ki taimake ni, saura kwana tara. Babbar 'yata ungozoma ce, ta cika shekara ashirin tana aiki, asibitinsu za su karrama ta. Sun aiko mini da takarda da Turanci, wai in yi jawabin minti biyar, in yi "extol" ɗinta. Na kakkaɓe tsohon ƙamusuna na sakandare, na ga ma'anar ita ce yabo mai ɗaga mutum sama, asalin kalmar ma daga Latin, ɗagawa take nufi. To ni ban taɓa ɗaga ɗa ba. Shida na haifa, babu wanda na taɓa ce wa ya yi ƙoƙari, don yabo kumbura kai yake yi. Ranar da ta zo ta ɗaya a aji, cewa na yi ta cire kayan makaranta ta wanke kwanuka.

Na zauna na rubuta jawabin, shafi biyu. Ƙanwata ta karanta ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan ai takardar ƙara ce: barin takalmi a bakin ƙofa, saurin magana, rashin rufe tukunya. Abin da ya tsaya mini a rai, yarinyar ta ce in ba zan iya ba babu komai, ta saba. Alhali duk takardun sakamakonta suna cikin gwangwanin biskit a ƙasan akwatina, ba ta sani ba.

Uwar Shida

Mama, shida kika tarbiyyantar suka zama mutane, ba mai cewa tsaurinki bai yi rana ba, kuma gaskiya ne yabo barkatai yana sangarta yaro. Amma matar da ta shekara ashirin tana karɓar haihuwa ta wuce kumburin kai. "Na saba" ɗin nan kuwa ciwo ne ta lulluɓe da ladabi.

Ki ajiye shafi biyun, maganar tukunya ta jira ku koma gida. Ba kirari aka ce ki yi ba. Ki tafi da gwangwanin nan, ki buɗe shi a gaban jama'a, ki karanta takarda ɗaya, ki faɗi shekarun da kika yi kina adana su. Ba zai kai minti biyar ba, kuma ya isa.

Ki sa hankici biyu a jaka. Ɗaya naki ne, ko da za ki ce wani abu ne ya faɗa miki a ido. Allah ya sa a yi taro lafiya, ya bar ku tare.