Dauda Ya Kama Hanyar Makaranta

Yaya Laraba,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya jiki, yaya maigida da yara, yaya mutanen Kafanchan? Ƙafar Mama ta yi sauƙi? Rabona da gida tun Kirsimetin bara waccan, yanzu kuma kullen korona ya tare mu a Sabon Tasha.

Zancen ɗana Dauda ne. Kin san larurarsa ta ƙwaƙwalwa, otizim ɗin nan, komai sai ya tafi yadda ya saba. Tun da aka rufe makaranta, kullum da safe sai ya sa yunifom ya tsaya bakin ƙofa. In na ce babu, ya dinga buga kai a bango. 'Yan kalmomin da ya koya ma sun tafi.

Ran Talata uwarsa na wanka, ya zare sakata ya fice. Na iske shi a shingen jami'an tsaro, suna daka masa tsawa, shi kuwa ya toshe kunnuwa yana jijjiga. Ɗaya har ya ɗaga bulala, wai yaro ya raina shi. Na durƙusa a kwalta na ce, "Oga, ni ka buga, ba ya iya amsawa." Ya sauke hannu, ya ce in ɗaure shi a gida. Ban ga laifinsa sosai ba, abin ba a goshin yaro yake rubuce ba. Amma masu dokar nan ba su tuna da irin Dauda ba.

Yaya, ɗana ba akuya ba ne, amma jiya na tsinci kaina ina kallon igiyar shanya. Ku yi mana addu'a kada in kai ga haka. Kada Mama ta ji. Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Ishaku