Rasuwar Dakta Akutsu Shigeko, Wadda Ta Tsare Mana Sha'ir da Gayya

Cikin alhini mai nauyi, Ƙungiyar Matasan Manoman Sha'ir ta Kudancin Tochigi ta karɓi labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, Babbar Mashawarciyar Ƙungiya, Dakta Akutsu Shigeko, wadda ta cika a gidanta ranar Talata bayan doguwar jinya.

Yawancin matasanmu ba su riski shekarun da cutar rawayar ganye ta addabi wannan yanki ba. Ƙwayarta a cikin ƙasa take zaune, ta saiwa take shiga, feshi ba ya kai mata. Sanyi na ƙarewa sai ganye ya yi dabbare-dabbare, tsiro ya tsumbure, gonar da ta saba cika rumbu ta ba da rabi da ƙyar. Marigayiya ce, lokacin tana jami'ar binciken gona, ta nuna wa iyayenmu cewa injin huɗar da suke gayya da shi ne ke kwasar ƙasa mai cuta daga wannan gona zuwa waccan. Maƙwabta suka fara zargin juna, wasu suka ce a raba gayyar kowa ya ji da kansa.

Ita kuwa ta ƙi. Ta sa aka kafa wurin wanki a bakin kowace gona, ta riƙe tiyo da hannunta tana wanke tayoyi da takalma, har ta taɓa mayar da shugaban ƙauye baya tana cewa, "Ranka ya daɗe, takalminka bai san muƙaminka ba." Daga baya ta sadaukar da gonar gadonta, aka bar cutar a ciki da gangan domin gwajin iri, jama'a na yi mata ba'a cewa ita kaɗai ce manomiyar da ke murna idan ganyenta ya yi rawaya. Irin da ya tsira a wannan gona shi muke shukawa a yau.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Malam Akutsu Tokuji, da 'yarsu Malama Fumie, da ɗaukacin dangi, tare da addu'ar su sami haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Sha'irin da ta bari a gona ya nuna. Da yardar iyalan, ranar Asabar za mu girbe shi a gayya, kuma babu gidan da bai yi alkawarin ba da hannu ba.

Iwabuchi Noriaki
Malamin Noma kuma Kakakin Ƙungiya